MU KULA DA DABBOBINMU: Abincin Kyanwa Mai Ciwon Mafitsara

Wannan fili ya saba ɗaukar maganar shanu da tumaki da kaji, watau dabbobin da ake kai wa kasuwa a dawo da kuɗi a aljihu. A wannan mako kuwa za mu baro garke mu shiga tsakar gida, mu duba wata 'yar halitta wadda ba a yanka ta, ba a kuma tatsar ta, amma da wuya mutum ya ratsa unguwa ya fita bai ji kukanta ba. Ina nufin kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma kuliya.

Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da tsadar hatsi, wa ke da sukunin zama ya yi shawarar abin da kyanwa za ta ci? Amsar ba ta da nisa. Malamai sun sha karanta mana hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na wata mata da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Duk wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amana ke nan, kuma za a tambaye shi. Ga shi kuwa a yau, a manyan garuruwa irin su Legas da Abuja da Kano, mutane da yawa sun ɗauki kiwon kyanwa a cikin ɗaki, a gidajen bene waɗanda babu rumbu babu ɓera, inda ba ta da wani abinci ko abin sha sai wanda mai ita ya ajiye mata. A irin waɗannan gidaje ne ciwon mafitsara ya fi samun wurin zama, kuma da yawa daga abin da ke kawo shi, da abin da ke korar shi, yana cikin kwanon abincinta da kaskon ruwanta.

YADDA AKE GANE CIWON

Kyanwa mai lafiya takan yi fitsari kamar sau 2 zuwa sau 4 a yini, ta tona rami ta binne, ta kama gabanta ba wanda ya sani. In ciwon mafitsara ya kama ta, sai al'amarin ya sake. Za a ga tana yawan zuwa wurin da ta saba, ta tsuguna ta daɗe tana yunƙuri, abin da zai fito kuwa bai wuce ɗigo biyu ko uku ba. Wani lokaci fitsarin ya zo da jini, ko ya yi ja-ja kamar ruwan wankin nama. Takan yi kuka sa'ad da take tsugune, ta riƙa yawan lasar gabanta, har ma ta bar wurinta ta koma yi a kan tabarma ko siminti mai sanyi ko cikin bahon wanka. Masu gida da yawa sukan ɗauka iskanci ne, su bi ta da tsintsiya, alhali kuwa ciwo ne ke cin ta.

A nan akwai abin da ya wajaba kowane mai kyanwa ya riƙe tun kafin mu shiga maganar abinci. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce mai ɗan faɗi, ta muzuru kuwa doguwa ce, tana kuma tsukewa wajen ƙarshenta. Saboda haka ɗan yashi da yauƙi da ke taruwa a mafitsara, wanda mace za ta fitar da shi da ɗan zafi kawai, yakan iya toshe wa muzuru hanya gaba ɗaya. In haka ta faru, mafitsara za ta cika ta yi tauri a mararsa kamar lemo, ƙoda ta kasa aiki, dattin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini, sinadarin fotashiyam ya yi yawa har ya dagula bugun zuciya. Muzurun da ya toshe yakan daina cin abinci, ya yi ta amai, ya kwanta ya yi laushi, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya mutuwa. Sau da yawa akan zaci taurin bayan gida ne, don tsugunon iri ɗaya ne.

To, wanda ya ga muzurunsa yana yunƙuri tun safe ba abin da ke fitowa, kada ya tsaya neman romo ko jiƙo, kada kuma ya matsa masa mara, don mafitsarar na iya fashewa. Asibitin dabbobi za a nufa a ranar, ko da dare ne. Can za a yi masa allurar barci, a zura siririyar roba a buɗe hanyar, a wanke mafitsarar, a yi masa ƙarin ruwa. Akwai asibitocin koyarwa na likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi da na masu zaman kansu. Ya kamata mai kyanwa ya san wanda ya fi kusa da shi tun tana lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za mu faɗa a gaba na abinci, na kyanwar da fitsarinta ke fita ne, ko wadda aka riga aka buɗe wa hanya.

CIWON BA IRI ƊAYA BA NE

Alamun da muka lissafa suna iya fitowa daga abubuwa dabam dabam. A cikin kyanwoyin da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabi abin da ke damunsu shi ne kumburin bangon mafitsara, wanda in an auna fitsarin ba a samun ƙwayar cuta, in an ɗauki hoto kuma ba a ganin tsakuwa. Wannan yana da alaƙa da tashin hankali da takura, za mu kuwa dawo kansa. Na biyu shi ne yashi da tsakuwa, waɗanda ke samun kamar ɗaya cikin biyar. Ƙwayoyin cuta, waɗanda su ne mutane suka fi zargi, ba su cika kama kyanwa mai ƙuruciya ba. Sun fi samun tsofaffi, musamman masu ciwon ƙoda ko ciwon sukari. Wannan ya sa sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a ɗura wa kyanwa, ba tare da an auna fitsarinta ba, yawanci asarar kuɗi ce kawai.

Akwai kuma wata yaudara da kumburin nan ke yi. Yakan lafa da kansa cikin kamar mako guda, ko an yi magani ko ba a yi ba, sa'an nan bayan wata biyu ko uku ya sake dawowa. Saboda haka duk abin da aka ba kyanwa a cikin wannan mako, jiƙo ne ko ƙwaya, shi zai tafi da yabo, mai gida kuma ya ɗauka ya sami magani, har ya riƙa gaya wa maƙwabta.

'YAR HAMADA CE

Domin a gane abin da ya sa ruwa ya zama ginshiƙin maganar nan, sai mu waiwayi asalin kyanwa. Binciken da masana suka buga a shekarar 2007 ya nuna cewa duk kyanwoyin gida na duniya sun fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yanzu danginta na yawo a dazuzzukan Sahel. Ta matso kusa da mutane ne sa'ad da suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka sami mutum da kyanwa binne kusa da juna.

Dabbar da ta tashi a busasshiyar ƙasa, Allah Ya hore mata ƙoda mai tsimin ruwa ƙwarai, wadda ke tace datti mai yawa cikin fitsari ɗan kaɗan. Shi ya sa fitsarin kyanwa ke da kauri da ƙarfin wari. Ruwan da take bukata kuwa, daga jikin abin da ta kama take samun yawancinsa, gama jikin ɓera ko tsuntsu kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Saboda haka ƙishirwa ba ta cika damunta ba, ba ta kuma rugawa wurin ruwa kamar yadda kare ke yi.

Yanzu sai a kwatanta da abin da ake ba ta a gidajen birni. Busasshen abincin nan na buhu ko na leda, mai kama da ƙwayar gyaɗa, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Na gwangwani kuwa yana da kashi 75 zuwa 80. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa wajen mililita 200 a yini, watau kusan rabin ledar ruwan nan da ake sayarwa a bakin titi. Mai cin abinci mai laima ta riga ta sami yawancin wannan a cikin kwanonta. Mai cin busasshe kuwa tilas ta sha shi duka da harshe, kuma ko da yake takan ƙara sha, ba ta cika kai abin da 'yar'uwarta ke samu ba. Ga mu kuma a ƙasa mai zafi, ga hunturu mai busar da komai.

Sakamakon haka shi ne fitsari kaɗan mai kauri, wanda ke daɗewa a cikin mafitsara. Wanda ya taɓa jin yadda ake samun gishiri a Bilma ya san abin da ke faruwa: ruwa mai gishiri ne ake bari a ramuka, rana ta shanye ruwan, gishirin ya daskare ya zama dunƙule. Haka ma'adinan da ke cikin fitsari ke yi in ruwa ya yi musu kaɗan. Su fara zama yashi, yashin ya haɗu ya zama tsakuwa. Fitsari mai kauri kuma ya fi ƙona bangon mafitsarar da ta riga ta kumbura. Ashe ke nan, ko wane irin ciwon ne daga cikin waɗanda muka ambata, ƙarin ruwa yana taimakonsa.

TUWO DA MIYA DA KANWA

Kada mazauna gidajen gargajiya su ce wannan matsalar 'yan birni ce kaɗai. Kyanwar da ke yawo tana farauta, sauran tuwon da ake zuba mata ƙari ne kawai, ainihin abincinta na can bayan rumbu. Amma in aka kulle ta, ko tsufa ya hana ta farauta, aka bar ta da tuwo da shinkafa da sauran miya, to an canja mata halitta. Kyanwa maciyar nama ce tsantsa. Nama yakan sa fitsarinta ya zama mai ɗan tsami, a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi tsakanin 6 da 6.5, inda 7 ke nan tsaka-tsaki. Hatsi da ganye kuwa sukan rage wannan tsami, su karkata fitsarin wajen ɗabi'ar kanwa. A cikin irin wannan fitsari ne tsakuwar da ake kira siturubait ke tsirowa, wadda ta ƙunshi maganiziyam da amoniya da fosfet.

Ita kanwa kanta, wadda uwargida ke jefawa a miyar kuka ko ta kuɓewa ko cikin wake, tana ƙara kashe tsamin fitsari. Makiyaya sun saba ba shanu da dawakai kanwa, har wasu na ganin duk dabbar da ta yi rashin lafiya kanwa ce maganinta. Ga kyanwa mai ciwon mafitsara, wannan ƙara wa wuta itace ne. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani.

DARASI DAGA AMURKA

Mai karatu zai iya cewa, tun da rashin tsami ne ke kawo tsakuwa, sai a jiƙa tsamiya ko a matsa lemon tsami a ba ta. Kafin ya yi haka, ga abin da ya faru a Amurka.

A shekarar 1981 aka kafa wata cibiya a Jami'ar Minesota, a ƙarƙashin Farfesa Carl Osborne, wadda aikinta shi ne karɓar tsakuwoyin da likitoci suka ciro daga mafitsarar dabbobi tana auna su. A wannan shekara, kashi 78 cikin 100 na tsakuwoyin kyanwa siturubait ne, wata iri kuma da ake kira kalsiyam okzalet ba ta wuce kashi 2 ba. Da aka gane cewa yawan maganiziyam da rashin tsamin fitsari ne ke kawo ta farkon, sai kamfanonin abincin kyanwa suka rage maganiziyam, suka ƙara abubuwan da ke tsamama fitsari. Siturubait kuwa ta ragu ƙwarai. Amma kafin a ankara sai ta biyun ta riƙa hauhawa, har a wajen shekarar 2002 ta zarce rabin duk tsakuwoyin da ake kai wa cibiyar. An gudu ba a tsira ba, gama yawan tsami na sa alli ya yawaita a cikin fitsari, shi ne kuwa abin da okzalet ke kamawa. Sai da aka sake gyara awon abincin kafin al'amarin ya daidaita.

Bambancin tsakuwoyin nan biyu babba ne ga mai jinya. Siturubait tana narkewa da abinci: akwai abinci na musamman da likitoci ke rubutawa, wanda in kyanwa ta ci shi shi kaɗai, tsakuwar kan narke cikin mako 1 zuwa 4, ba tare da an taɓa wuƙa ba. Kalsiyam okzalet kuwa babu abincin da ke narkar da ita. Sai an fitar da ita, yawanci ta hanyar tiyata, sa'an nan a yi amfani da abinci don hana ta dawowa. Kyanwoyin Farisa masu dogon gashi, waɗanda ake yayin saye da tsada a biranenmu, suna cikin waɗanda wannan ta biyun ta fi kamawa. In kamfanoni masu ɗakunan bincike sun zarce gona da iri har suka jawo wata cutar, ina ga mai jiƙa tsamiya a kofi? Kada garin neman gira a rasa ido. Sai an auna fitsari, an ɗauki hoton mara, kafin a san wace iri ce.

ABIN DA ZA A ZUBA A KWANO

In likita ya rubuta abinci na musamman, to a ɗauke shi kamar magani. A ba ta shi kaɗai har tsawon lokacin da aka ɗiba, ba tare da ana jefa mata ƙashin kaza ko kan kifi a gefe ba, gama ɗan ƙarin nan yana iya rushe aikin duka. In akwai shi na gwangwani da busasshe, na gwangwani ya fi. Kada kuma a ɗauki irin wannan abinci a ba 'yan ƙanana masu girma, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko tsohuwa mai ciwon ƙoda, sai da izinin likita.

Gaskiya ne abincin nan daga waje ake kawo shi, yana da tsada, ba kuma kowane gari ake samunsa ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, kada ya yanke ƙauna, akwai abin da zai iya yi. Na farko, ya mai da abincinta mai laima. In yana iya sayen na gwangwani na yau da kullum, ya ba ta ko da sau ɗaya ne a yini, ya kuma dama shi da ruwa cokali biyu ko uku. In busasshe kaɗai ke gare shi, ya jiƙa shi da ruwa mai ɗumi, ya fara da kaɗan yana ƙarawa, har ruwan ya ninka abincin sau biyu. Sai dai a zafin ƙasarmu jiƙaƙƙen abinci ba ya jimawa. Abin da ta rage bayan awa ɗaya a zubar, a wanke kwanon.

Na biyu, romo. A dafa tsokar kaza ko ta akuya ko ta saniya a cikin ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu albasa, babu yaji. A yayyanka naman a ba ta tare da romonsa. Muhimmancin romon ya wuce na ruwa kawai. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, wanda jikin kyanwa ba ya iya ƙera isasshe, sai ta ci a nama. Rashinsa na kawo makanta, kuma a shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya suka tabbatar da cewa yana lalata mata zuciya. In aka dafa nama, wani kaso na wannan sinadari yakan fita ya shiga ruwan dahuwa, don haka wanda ya zubar da romo ya zubar da shi. Zuciya da cinyar kaza suna da shi da yawa. Dafaffen ƙwai ma yana da kyau jefi-jefi. Hanta kuwa ɗan yanki sau ɗaya ko sau biyu a mako ya isa, gama yawanta na sanƙarar da ƙasusuwan wuya da na baya.

Amma a lura, tsoka ita kaɗai ba cikakken abinci ba ce. Kyanwar da ta kama ɓera tana cin ƙashinsa da kayan cikinsa, a nan take samun allin da ƙashinta ke bukata, tsoka kuwa ba ta da shi sai kaɗan. Wanda ya yi niyyar ciyar da kyanwarsa da girkin gida har tsawon watanni, ya nemi likitan dabbobi ya auna masa abin da zai ƙara da gwargwadonsa.

Na uku, ruwan sha. A ajiye shi a wuri biyu ko uku a cikin gida, nesa da wurin da take bayan gida, a kuma sake shi safe da yamma. Da yawansu sun fi son kasko mai faɗi wanda aka cika har baki, sun kuma fi son ruwan randa mai sanyi bisa ga wanda ya yini a roba cikin rana. Wadda ke son lasar bakin famfo, a bar mata shi yana ɗiga na ɗan lokaci. Wadda ke ƙin ruwa, a zuba mata ɗan romo a ciki don ƙamshi.

Na huɗu, yadda ake rabon abincin. Kyanwa in an bar ta da halinta takan ci kaɗan kaɗan ne fiye da sau 10 a yini. In ta cika ciki lokaci guda, tsamin fitsarinta yakan ragu na wasu awoyi bayan cin. Saboda haka gara a raba abincin yini kashi 3 ko 4. A kuma auna shi, gama ƙiba na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon nan, musamman ga muzurun da aka fiɗiye, wanda ke yini kwance a kan kujera. In aka shafa gefen ƙirjin kyanwa ba a ji haƙarƙarinta ba sai an danna, to ta yi ƙiba.

Canjin abinci kuwa a yi shi a hankali, cikin kwana 7 zuwa 10, ana cakuɗa sabon da tsohon ana ƙara yawan sabon, kuma a fara bayan zafin ciwon ya lafa, don kada ta haɗa sabon abincin da azabar da take ji ta ƙi shi har abada. Kada a ce za a bar ta da yunwa har ta saduda. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru ya cika mata hanta, wannan kuwa ciwo ne mai kisa. In ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, a koma wurin likita.

ABIN DA BA A BA TA

Babban abin da nake roƙon masu karatu su kiyaye shi ne maganin ciwon jiki na mutane. Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, guba ne ga kyanwa, gama hantarta ba ta da abin da ke warware shi. Ƙwaya ɗaya tak ta babban mutum tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibufurofen kuma yana lalata mata ƙoda da ciki. Tausayi ne ke sa mutum ya ba ta, amma sakamakonsa kabari ne. Akwai maganin zafi da ya dace da ita, likita ne zai ba da shi.

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa mata ƙwayoyin jini, wannan kuwa wani dalili ne na nisanta ta da sauran miya. Madara, wadda kowa ke zaton ita ce abincin kyanwa, yawancin manyansu ba sa iya narkar da ita, sai ta sa su zawo, ruwan da ake nema ya ƙara tsiyayewa. Bandar kifi da ƙananan busassun kifaye da ake ci da ƙayarsu suna cike da ma'adinan da tsakuwa ke ginuwa da su, don haka ba su dace da mai wannan ciwo ba. Alayyafo na da okzalet da yawa. Ƙashin kaza dafaffe kuwa yana tsagewa ya soke ta.

KWANCIYAR HANKALI

Mun yi alkawarin dawowa kan kumburin nan da ba shi da ƙwayar cuta. Aikin da Farfesa Tony Buffington da abokansa suka yi shekara da shekaru a Jami'ar Jihar Ohayo ya nuna cewa irin waɗannan kyanwoyi masu saurin firgita ne, kuma ciwon kan tashi sa'ad da wani abu ya dagula musu zama: ƙaura zuwa sabon gida, taron biki, zuwan wata kyanwar, ko yara masu bin su da gudu. Da aka gyara musu wurin zama, ciwon ya ragu ƙwarai. Saboda haka a ajiye mata abinci a wuri mai shiru, inda ba mai razana ta. In kyanwoyi sun fi ɗaya, kowace da kwanonta, nesa da na 'yar'uwarta. A sama mata wurin ɓuya da wurin hawa sama. Kaskon yashin da take bayan gida a ciki a kwashe shi kullum, gama in ya ƙazantu sai ta riƙe fitsari, riƙewar kuwa ita ke ba yashi damar taruwa. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kasko ɗaya ga kowace kyanwa, da ƙarin guda ɗaya. Mai kwashe yashi kullum shi ne kuma zai fara ganin ranar da fitsarin ya ragu ko ya sake launi.

Jama'a, kyanwa ba ta da bakin da za ta ce ga inda ke mata ciwo, halinta ne ma ta ɓoye rauninta har sai abin ya yi nisa. Ta tsare mana hatsi tun zamanin kakanni, ba ta taɓa neman lada ba. Wanda ya rufe mata ƙofa ya hana ta farauta, to ya maye mata gurbin abin da ya hana ta, watau nama mai laima da ruwa mai tsabta, in kuma ya ga muzurunsa na tsuguno ba fitsari, ya ɗauke shi ya nufi asibiti kafin rana ta faɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.